Ɗan Golmo a Gidan Yari

Aikin gandiroba ba aikin da uwa ke roƙa wa ɗanta ba ne, ni ma ban roƙa ba. Daga ƙasarmu ta wajen Argungu na taso bayan rasuwar mahaifinmu, da gona ta yi mana kaɗan ni da 'yan'uwana. Na biyo fatake har Zuru, na yi dako, na yi faskare, sai na ji ana cewa En'e, hukumar gargajiya, na neman masu tsaron gidan yari. Aka dube ni aka ga ina da tsawo da babbar murya, aka miƙo mini kaki da bel da kulki da usur. A farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin ke nan, Turawa na nan daram, Di'o, Baturen mulki, na zaune a bariki.

Gidan yarin katangar ƙasa ce mai ƙofa ɗaya, da dogayen ɗakuna waɗanda ba su da taga sai 'yan huji can sama. Abin da ba na mantawa shi ne warin. Da safe in aka buɗe ɗakuna, fursunoni suka fito da bokitan bahaya a kai, ni ne a bayansu har bakin rami, ina toshe hanci da hula. Tuwon da ake ba su, wanda suke kira gabza, ko kare sai ya yi shawara kafin ya ci. Kwarkwata da kuɗin cizo kuwa ba su san bambancin mai laifi da mai tsaronsa ba, har gida suke raka ni. Matata ta kafa doka, sai na tuɓe kaki a bayan ɗaki na rataye a rana kafin in taka tabarmarta. A kasuwa masu sayarwa kan sallame ni da sauri, ba mai ja na da hira. Ni kuma da ma ba haƙuri ne da ni ba, sai aikin ya ƙara mini zafin rai, na zama mutum mai tsawa ko a kan ruwan sha.

Doka ɗaya ce kowane gandiroba ke haddacewa tun ranar farko. In ka fita da mutane aikin waje, yankan ciyawa ko saran itace, da su za ka dawo cif. Wanda fursuna ya gudu a hannunsa, a gaban kowa ake tuɓe masa kaki, in tsautsayi ya yi yawa ma ya shiga ciki ya ɗanɗana gabzar da kansa. Shugabanmu, wanda ke riƙe da muƙamin Yari, shi ke maimaita mana wannan kullum. Tsohon soja ne Badakkare, ya je yaƙin Bama ya dawo da igiya uku a hannu da ɗingishi a ƙafa, don haka Saje muke ce masa. Ba shi da yawan magana, amma in ya kafa maka ido sai ka tuna laifin da ka yi bara.

Ana cikin girbi wata shekara aka kawo mana wani saurayi daga wani ƙauye na kan tudu. Ƙaƙƙarfa ne, haƙoransa na gaba a feƙe irin na mutanen tudu a wancan zamani, tafin hannunsa kamar ƙirgi. Laifinsa, shanu ne suka faɗa gonar surukinsa dawa na tsaye, ya je korarsu, magana ta yi zafi tsakaninsa da mai shanun, ya ɗaga sanda ya karya masa hannu. Alƙali ya ba shi wata goma. Aka aske masa kai ƙwal kamar yadda ake yi wa kowa, aka ba shi riga da gajeren wando na fursuna.

Duk rani ban sami abin yi masa tsawa ba, abin da har ya riƙa ba ni haushi. In aka ba shi langalanga, wato ƙarfen nan da fursunoni ke yankan ciyawa da shi, sai ya share rabonsa ya shiga na tsofaffi. Ba ya roƙon taba, ba ya kai ƙara, ba ya faɗa. Hausarsa gajeriya ce, yarensu ya fi ji, amma ya iya cewa “Baba”, kuma haka yake kira na, ni da ban girme shi da wani abin kirki ba. Nakan ce masa in ya sake tsofar da ni zan haɗa shi da bokiti har ya fita, sai ya yi murmushi ya nuna feƙaƙƙun haƙoran nan.

Ranar da ruwan farko ya sauka ya daina cin abinci. Na ɗauka zazzaɓi ne. Amma kwana ya bi kwana, akushinsa na komawa yadda ya zo, in mun fita bariki yankan ciyawa sai in gan shi tsaye, langalanga a hannu, ya zura wa duwatsu ido. Rannan raina ya ɓaci, na taka har inda yake.

“Kai, mi as same ka? Ko gabzar ce ba ta yi wa mai martaba ba, a aiko maka da tuwon shinkafa?”

Ya dube ni, idonsa ja wur. “Baba, golmo ya fara.”

Na sha ganin samarin Dakarkari da damina suna wucewa a jere da manyan garemani a kafaɗa, ana busa musu ƙaho, amma ni a zatona gayya ce irin tamu. Da muka koma na tambayi Saje. Ya ajiye sandarsa, ya yi mini bayani kamar mai koya wa jaki karatu. A wurinsu, in ji shi, namiji ba ya samun mata da goro da tufafi. Damina bakwai zai yi yana noma wa uban yarinya, shi da sa'o'insa, yau su taru a gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan. Rana ko ruwa ko ƙaya, ba a cewa an gaji, wanda ya zauna ya zama abin waƙa a gari. In ta bakwai ta cika, mace ta zama tasa, ba mai ja. Saje ya buɗe mini tafukansa ya ce shi ma sai da ya gama nasa kafin ya shiga soja.

“Wanga yaro ya yi shida,” in ji shi. “Bana ita ce ta bakwai.”

Na ce, “To in bai je ba fa?”

“Uban yarinya yana da bakin cewa ya fasa.”

Nan na tashi da faɗa kamar Saje ne surukin. Na ce wane irin rashin imani ne wannan, yaron da a kan dawar tsohon aka ɗaure shi? Saje ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Kai Bakabe, kifi ka sani. Ku da kuke auren mata da kwandon tarwaɗa, ina za ka gane golmo?” Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba.

Bayan 'yan kwanaki uwar saurayin ta zo ziyara. Wata 'yar tsohuwa ce busasshiya, ta taho a ƙasa tun daga tudu da ƙullin gyaɗa. Suka yi magana da yarensu ta tsakanin ƙarafan ƙofa, ni ina tsaye ina gadi. Da za ta tafi sai ta zube a gabana, ta kama ƙafata. Ba abin da na tsana a aikin nan kamar a durƙusa mini, domin duk mai durƙusa maka abin da ba ka da ikonsa yake nema. Na daka mata tsawa ta tashi, ta tashi, ta tafi tana waiwaye. Saurayin ne ya fassara mini daga baya. An sa ranar da 'yan golmonsu za su yi huɗa a gonar surukinsa. Dattawan gidansu sun ce in dai aka gan shi a cikin layi ran nan, da garma a hannu, suna da abin da za su tsaya a kai su roƙa a lissafa masa shekarar.

“Baba, yini ɗaya,” in ji shi. “Rana ba ta faɗi ba, ina nan.”

Na zage shi tas. Na ce so yake a tuɓe ni a gaban jama'a, matata da tsohon ciki, ni baƙo a garin da ba ni da ko kabarin kaka? Na ce fursunoni nawa suka rantse mini da abin da ya fi wannan? Ya sunkuyar da kai ya koma ɗaki. Ni kuwa tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi, har matata ta fara tambaya ko miyarta ce ta canza.

Da ranar ta zo, muna tsaye da safe ana rabon aiki, Saje ya ce itacen girki ya ƙare, in ɗauki mutanena mu je mu saro. Ya ambaci wani daji a gindin tudu. Kowa ya san akwai itace kusa da gari, kowa kuma ya san ƙauyen wane ne a bayan tudun nan. Bai dube ni ba, yana ta gyaran bel ɗinsa.

“Itacen can ya fi cin wuta,” in ji shi. Da na juya zan tafi ya ƙara da cewa, “In ka dawo babu ɗaya, ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba.”

Muka isa da hantsi, ƙasa a jiƙe, sama ta yi lumshi. Na raba gatura. Na daɗe ina zagaye ina yi wa mutane tsawar da ba dalili, sannan na ɗauki goran ruwa na cilla wa saurayin.

“Tahi ka ɗebo muna ruwa. Rahin na da nisa, na sani.”

Ya cafe goran, ya dube ni sau ɗaya, ya shiga daji. Da ya ɗan yi nisa na ji ƙafarsa ta koma gudu.

Ban taɓa yin yini mai tsawon wannan ba. Can bayan tudu ana jin ƙaho da ganga suna tashi suna faɗuwa. A cikin mutanena akwai wani tsohon ɓarawon awaki wanda gidan yari ya zame masa gida, ya fi ni sanin kowane lungu. Ya daina sara, ya jingina da gatari ya ce, “Baba gandiroba, kada ka damu. In bai dawo ba akwai wuri kusa da ni, kuɗin cizon wajen ba su da yawa.” Sauran suka kwashe da dariya. Na ɗaga kulki, na sauke, domin gaskiya ya faɗa. Na yi sallar azahar ban san abin da na karanta ba. La'asar ta yi, ta wuce. Aka gama ɗaure itace, na ce ɗaurin bai yi ba, a kwance a sake. Aka sake, na ce a kuma. Ba wanda ya yi gunaguni, har ɓarawon awakin, kowa na satar kallon inda saurayin ya bi. Na fara shirya abin da zan gaya wa matata.

Rana ta yi ja sai ga shi ya ɓullo daga cikin sabara, yana tafiya a hankali, goran a kafaɗa cike da ruwa. Daɗin da na ji ban san da me zan kwatanta shi ba, har na buɗe baki zan zage shi don murna. Sai idona ya sauka a ƙafafunsa. Mutumin da ya yini yana huɗa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, laka kan kai masa gwiwa, rigarsa ta manne da gumi. Shi kuwa ƙafarsa ƙura ce kawai ta hanya, rigarsa a bushe.

Ya ɗauki daminsa na itace muka kama hanya, ni a gefensa. A nan ya ba ni labari da gajeriyar Hausarsa, ina cike gurbin da kaina. Ya isa ana jera layi. Sa'o'insa suka yi ihu, ɗaya ya miƙa masa garma, suka buɗa masa wuri. Sai ga surukin ya taho, ya dubi askin, ya dubi rigar, ya tambaye shi ko an sake shi ne. Ya ce a'a, yini ɗaya aka ba shi. Tsohon ya ce to ƙarfin da ke jikinsa yau ba nasa ba ne, na hukuma ne, shi kuma ba zai karɓi noman da aka aro ba. Ya ce kuma ba ya son gobe 'yan doka su cika masa gida a ce ya ɓoye fursuna. Ya miƙa hannu ya karɓe garmar. Saurayin ya koma gindin wata ɗorawa a bakin gonar, a nan ya yini tsaye yana kallon sa'o'insa suna huɗe gonar da ya noma damina shida. Da rana ta take mata suka kawo abin sha, yarinyar na cikinsu. Ta sauke tulunta ba ta ɗaga kai ba, bai sani ba ko ta gan shi.

Na ce, “Kai wawan ina ne? Mi ya hana ka ce an sake ka?”

“Gobe za su neme ni a wata gona, Baba.”

Muka ci gaba da tafiya. Abin na ta cin raina, na kasa riƙewa. Na ce, “To da aka hana ka, mi ka dawo yi? Ga tudu, ga duwatsu, ga danginka. Wa zai gan ka?”

Ya gyara damin a kansa. “Da sun tuɓe ka.”

Na yi shekaru masu yawa a wannan aiki, an ƙara mini igiya, an yaba mini a gaban Di'o, amma ban taɓa samun lada irin wannan magana ba. Kuma ban taɓa samun abin da ya yi mini ɗaci kamarta ba. Mutumin da aka ƙwace wa komai a ranar, ni da nake kulle shi kullum ya tuna. A bakin ƙofa aka ƙirga mu, muka cika. Saje ya dubi ƙafafun saurayin, ya dubi nawa idon, ya juya ya shige yana ɗingishi.

Washegari saurayin ya ci gabzarsa tas, kuma hakan ya fi tayar mini da hankali a kan ƙin cin. Ya koma aiki kamar da, sai dai ya daina duban duwatsu, ya daina murmushi in na tsokane shi. Kafin damina ta ƙare uwarsa ta sake zuwa, wannan karon ba ta durƙusa wa kowa ba. Ta kawo labarin an ba da yarinyar ga wani da ya dawo daga soja da abin hannunsa, wanda ya tara gayya ya nome wa tsohon gona a 'yan kwanaki. Da na ji haka na je na sami Saje ina huci, na ce ashe al'adar tana lanƙwasuwa, mai abin hannu ne kawai take zaɓa. Ya ce in fita masa daga ofis.

Dawa ta fid da kai aka sallame shi. Ni na buɗe masa ƙofa. Aka mayar masa da walkinsa na fata da ya zo da shi, ya tuɓe kayanmu ya ninke ya miƙo mini. A bakin wannan ƙofa ba a ce wa mutum sai ka dawo, don haka na ce Allah ya kiyaye hanya. Uwarsa kaɗai ce ta zo tarbarsa. Ya wuce gaba tana bin sa a baya, na tsaya ina kallo har suka sha kwana.

Damina biyu bayan haka aka aike ni garin Ribah in taho da wani fursuna. A ƙasa muke tafe, igiyarsa a hannuna, sai na ji ƙaho a wata gona a bakin hanya. 'Yan golmo ne a jere, yara masu tashen balaga, ko gemu bai tsiro musu ba. A ƙarshen layin akwai wani ƙato wanda ya ba su rata mai yawa, bayansa kaɗai ya isa in gane shi. Shi ma da ya ɗago ya gan ni. Ya kafa garmarsa, ya taho bakin gona, laka har gwiwa.

“Baba.”

“Kai ne? Golmon ne kuma?”

Ya ce bara duk gidan da danginsa suka je nema masa, sai a ce ba a ba wanda ya yi gidan yari. Bana ne wani gida a wannan ƙauyen ya karɓe shi.

Na san amsar, amma bakina ya riga ni. “Ta nawa ke nan?”

“Ta fari, Baba.”

Yaran suka fara kiransa daga cikin gona suna dariya, na ji suna ce masa tsoho. Ya ɗaga mini hannu, ya koma wurinsa, ya sunkuya a kan garma. Na ja igiyar fursunana na daka masa tsawa ya yi sauri. Na sa shi a gaba har muka yi nisa, don ba na so ya waiwayo ya ga gandiroba yana share ido da hula.